Zuwa Ga Bawana Bakano, Sabon Alƙalin Finafinai

Bakano, bawan gidanmu, barka da shan kujera. Labari ya iso Zariya tun kafin ka tuɓe babbar riga. Wai ɗalibai ne suka shirya gasar gajerun finafinai a can garinku, aka rasa wanda za a zaunar a teburin alƙalai, sai aka tuna da kai, saboda gemunka ya yi furfura, kuma ka taɓa fitowa a fim zamanin kaset a matsayin maƙwabcin da ke leƙowa ta katanga. An ce sabuwar shadda ka ɗinka don ranar. An ce fim na biyu bai kai rabi ba ka soma gyangyaɗi, da aka zungure ka sai ka ce rufe ido ka yi don ka auna kyan sauti. Waya ta yi ƙara, ka ɗaga, ka ƙulla cinikin atamfa da yaronka na Kantin Kwari, 'ya'yan mutane na tsaye suna jiran hukunci. Kuma kowane darakta ya zo gabanka tambaya ɗaya ce: nawa ka kashe, nawa kake sa ran za su dawo?

Wannan duk na yafe maka, don ba a raba Bakano da lissafi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fatawar da ka bayar a majalisa bayan ka dawo. Ka ce Turawa ba sa ɗora tsofaffin 'yan wasa a kujerar alƙalanci sai don kasuwarsu ta mutu, a ba su otal da abinci su huce takaici, kuma in sun zauna 'yan gidansu suke miƙa wa kambu. Ka rufe da cewa in dai wannan ne aikin, kai ma a aiko maka da tikitin Faransa. To gyara zama, yau ubangidanka zai ɗora maka karatu, kuma mu Zagezagi ba ma karɓar kuɗin laraba a hannun bayinmu.

Bikin Cannes, a bakin tekun kudancin Faransa, tun 1946 ake yin sa, kuma a yanzu cikin watan Mayu yake faɗowa, kwana 12. Masu shirya shi sukan karɓi dogayen finafinai sama da 2,000, su tankaɗe su rairaye, su bar 20 da 'yan kai a babbar gasa. Alƙalai 9 ne. Ba su ne ke zaɓen abin da zai shiga ba, abin da aka ajiye musu shi za su kalla, dukkansa, biyu a yini, wata rana uku. Wannan da harshen Koriya, wancan da Farisanci, na gaba da yaren Romaniya, ido ɗaya na kan fuskar ɗan wasa ɗaya na bin fassarar da ke gudu a ƙasan allo. Babu mai fassarar da zai cusa wa jarumi barkwancin Fagge a baki yadda ka saba ji. A wani fim ɗin sai mace ta yi minti biyar tana wanke kwano ba ta ce uffan ba, kuma a cikin wannan shirun aka binne labarin. Kai da ka kasa jure fim ɗin ɗalibi na minti goma, yaya za ka yi da na awa uku a rana ta tara?

Ga kuma ɗaurin baki. Alƙali ba ya faɗa wa ɗan jarida abin da ya burge shi, ba ya yi wa furodusa raɗa a wurin liyafa. Ranar ƙarshe ake kwashe su zuwa wani gida a kan tudu, a karɓe wayoyinsu, su yi ta kai ruwa rana har su raba kyauta 7. Ka ji fa, a karɓe waya. Ko sari ba a yarda da shi ba: tun da fim ɗin 'yan'uwan nan Coen ya kwashe kyauta 3 shi kaɗai a 1991 aka soma taƙaita abin da fim ɗaya zai iya ɗauka, har ta kai yanzu wanda ya ci babban kambu, wato reshen dabinon zinariya, ba a haɗa masa da wata kyautar. Riƙe sirrin kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. A 2021 Spike Lee, baƙar fata na farko da ya shugabanci alƙalan, aka tambaye shi kyautar da za a fara bayarwa, shi kuma ya ɗauka wadda ta zo ta ɗaya ake nufi, ya buɗe baki ya ambaci Titane tun ba a je ko'ina ba. Abokan zamansa suka yi ta ɗaga hannu suna son tare shi, amma magana zarar bunu ce. Shi kuskure ya yi sau ɗaya, duniya ta yi dariya. Kai kuwa an ce tun ana sallar la'asar uban yaron da ya ci ya riga ya sayo lemo.

Kada kuma ka ɗauka tafi ke yanke hukunci. 'Yan jarida a can agogo suke riƙewa suna ƙirga tsawon tafin da aka yi wa kowane fim. A 2006 an tafa wa Pan's Labyrinth har minti 22 a tsaye, alƙalan da suka haɗa da Samuel L. Jackson da Monica Bellucci suka saurara tsaf, suka sallame shi hannu rabbana, suka ba Ken Loach kambun. A 1987 abin ya fi haka muni. Yves Montand, tsohon mawaƙi kuma ɗan wasa, shi ne shugaba, suka ba Maurice Pialat kambun, zaure ya ɗauki ihu da fito, Pialat ya ɗaga dunƙulallen hannu ya gaya musu in ba sa ƙaunarsa shi ma ba ya ƙaunarsu. A daren nan ne dai alƙalan suka ba Souleymane Cissé na Mali kyautarsu ta musamman a kan Yeelen. Mutumin da ya zo huce takaici ba ya tsayawa a gaban jama'a a yi masa ihu saboda fim ɗin wani.

Yanzu maganar mutuwar kasuwa. Robert De Niro ya shugabanci alƙalan Cannes a 2011 yana da shekara 67, yana zaune teburi ɗaya da Jude Law da Uma Thurman da Mahamat-Saleh Haroun na Cadi, wanda shekara guda kafin nan ya ci kyautar alƙalai a wurin. Bayan wannan zama De Niro ya fito a The Irishman a 2019, ya fito a Killers of the Flower Moon a 2023. In wannan ce matacciyar kasuwa, Allah ya kashe taka haka. Meryl Streep ta shugabanci na Berlin a 2016 da Oscar 3 a ɗakinta. Waɗannan ba neman wurin kwana suka je yi ba.

Amma bari in ba ka rabin gaskiyarka, kada ka ce Bazazzage ya zalunce ka. Lallai don sunansu ake ɗauko su. Bikin fim yana buƙatar kyamarori, kyamarori kuma fuskar da aka sani suke bi. In aka jera malaman jami'a 9 a kan jar darduma, babu gidan talabijin da zai aiko ɗan rahoto, ko da daga Samaru aka ɗebo su. Wannan ɓangaren ka fi ni gane shi, talla ce. Inda lissafinka ya ɓace shi ne abin da suke yi da sunan bayan an zaunar da su.

Duba ka gani. A 2008 Sean Penn ne shugaba a Cannes. Shi da mutanensa baki ɗaya suka ba da kambun ga wani fim ɗin Faransa, Entre les murs, wanda kusan dukkansa a cikin aji guda aka ɗauke shi, a wata makarantar unguwar talakawa a Faris. Malamin da ke ciki tsohon malami ne na gaske, yaran kuma ɗalibai ne na gaske, 'ya'yan baƙi daga Mali da Maroko da Sin, babu wanda ya taɓa jin sunansu. Rabon Faransa da kambun tun na Pialat, shekara 21. Streep kuwa, macen da duniya ke kira gwanar gwanaye a shiga rigar wani, ta tashi ta miƙa kambun Berlin ga fim ɗin da babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa. Fuocoammare na Gianfranco Rosi ɗaukar zahiri ce a tsibirin Lampedusa na Italiya, inda jiragen 'yan gudun hijira ke isa: wani yaro da ɗanƙonsa na harbin tsuntsu, wani likita da ke bayanin gawarwakin da ya gaji da dubawa, da wasu 'yan Najeriya a sansani suna rera labarin yadda suka ƙetare Sahara da kurkukun Libiya. A 2024 Lupita Nyong'o, baƙar fata ta farko a wannan kujera ta Berlin, ita ma haka ta yi: Dahomey na Mati Diop, fim na awa ɗaya da 'yan mintoci, a kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021, da ɗaliban jami'a suna musu a kan ko murna za a yi ko fushi. Ka koma baya zuwa 1975, Jeanne Moreau ce shugaba a Cannes lokacin da aka ba Mohammed Lakhdar-Hamina na Aljeriya kambun, a kan fim ɗin kusan awa uku da ke ba da labarin yadda mulkin mallakar Faransa ya tunzura mutanensa har suka ɗauki makami. Bafaranshiya, a ƙasar Faransa, shekara 13 kacal da ƙarewar yaƙin. Shi ne daraktan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambu.

Ka san dattijon da ake ɗauka in za a je neman aure wa yaron da ba a san gidansu ba. Ba shi zai zauna da amarya ba, ba shi ya tara sadaki ba, amma fuskarsa ake dubawa a buɗe ƙofa. Aikin tsohon tauraro a teburin alƙalai ke nan. Fim ɗin yaran aji, in ba don an ce Sean Penn ya sa masa hannu ba, wane mai sinima ne a Amurka ko Japan zai ba shi allo? Suna yake ba da aro, kuma ga dukkan alamu ya fi son ara wa wanda ba shi da shi.

Ni a ganina akwai dalili. Ɗan wasan da ya shekara 40 a gaban kyamara ya ƙare rayuwarsa ana yi masa hukunci. An kira shi gwaji an sallame shi, an yanke fitowarsa a ɗakin tacewa ba a gaya masa ba, an rubuta a jarida cewa ya tsufa. Ya kuma san zaman jira, don rabin aikin fim jira ne, a gyara fitila, a jira rana ta karkata, a sake ɗauka karo na goma sha. Uwa uba, ya san kukan ƙarya in ya gan shi, domin shi ma ya sha yin sa. Darakta yakan kalli fim yana lura da inda aka kafa kyamara, marubuci yana bin zaren labari, shi kuwa tsohon ɗan wasa idonsa na kan wuya da kafaɗa da yadda mutum ke haɗiye yawu kafin ya yi magana. Shi ya sa in ya ga yaron da bai san ana kallonsa ba, ko likitan da muryarsa ta karye da gaske, sai abin ya kama shi fiye da yadda zai kama ni da kai. Tsohon doki sai mai sani.

Saura zargin 'yan gida, kuma a nan na ga ka gyara hula. E, an sha yin surutu. A 2009 Isabelle Huppert ce shugaba a Cannes, kambu ya tafi ga Michael Haneke, mutumin da ya ba ta fim ɗin da ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa da shi a wannan zaure a 2001. Ita da kanta ta miƙa masa, suka rungumi juna, 'yan jarida suka yi ta raɗe-raɗin cewa zaman alƙalan bai yi daɗi ba. Sai dai fim ɗin, The White Ribbon, ya fita duniya ya kare kansa, ba a cika samun mai cewa bai cancanta ba. Wanda ya fi jawo ƙura ma darakta ne ba ɗan wasa ba: Quentin Tarantino a Venice a 2010, da ya miƙa Zakin Zinariya ga Sofia Coppola, tsohuwar budurwarsa. Duniyar manyan 'yan fim ƙarama ce, kowa ya taɓa cin abinci da kowa, kuma shugaba mutum ɗaya ne a cikin taro, sai ya shawo kan sauran.

Af, a teburin Huppert ɗin nan har da Sharmila Tagore, wadda ka sha kashe kuɗin cefanen gidanku a sinimar Marhaba don ka gan ta da Rajesh Khanna a Aradhana. Ba ka san da Satyajit Ray ta fara ba tun 1959, tana yarinya. Aishwarya Rai ta riga ta zama a 2003, Deepika Padukone ta biyo baya a 2022. Ka ga har surukanka na Bombay an gayyata, kai shiru.

Akwai sanayya guda da nake so ka auna da kyau kafin ka yi mata suna. A 2010 Cannes ta gayyaci daraktan Iran Jafar Panahi ya zauna cikin alƙalai, amma yana tsare a kurkukun Evin a Tehran. Aka bar kujerarsa babu kowa. A daren rufewa Juliette Binoche ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa, ta hau dandamali, ta ɗaga takarda mai ɗauke da sunansa a gaban kyamarori. Ƙarshen shekarar kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 6, ta hana shi yin fim na shekara 20. Bai daina ba, a ɓoye ya ci gaba. A 2025 Binoche ce shugabar alƙalai, Panahi kuma ya iso da ƙafarsa, da fim ɗin da ya ɗauka ba da izini ba, a kan tsofaffin fursunoni da suka kama wani mutum suna zaton shi ne ya azabtar da su. Ba su taɓa ganin fuskarsa ba don a rufe idonsu yake, ƙarar ƙafarsa ta roba kawai suka sani. Aka ba shi kambun. In ka ga dama ka kira shi son kai. Ni dai na ga mace da ta tsaya wa mutum yana kurkuku, lokacin da babu ribar da za ta ci. Kuma don ka ji daɗi, a ranar da aka ba shi ɗin wuta ta ɗauke a garin Cannes tun safe, sai da janareto aka lallaɓa. Da kana nan da ka ji kamar kana gida.

Na san tambayar da ke cin ka tun ɗazu, nawa ake bayarwa. Riƙe ƙirjinka: reshen dabinon nan zinariya ce, amma ba ya zuwa da ko sisi. In kuɗi kake so a hannu, ba sai ka ƙetare teku ba, ka hau mota zuwa Wagadugu. Bikin finafinan FESPACO tun 1969 ake yin sa a can, duk bayan shekara biyu, kuma Ingarman Yennenga na zinariya yana tafe da sefa miliyan 20. Wanda ya fara ɗaukar ingarman a 1972 maƙwabcinmu ne, Umaru Ganda na Nijar, shi ma ɗan wasa ne kafin ya zama darakta: tsohon soja, ɗan dako a tashar jiragen ruwan Abijan, wanda Jean Rouch ya sa a fim a 1958. Fim ɗin da ya ci da shi kuwa labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya ce sai ta zama ta uku. Ban ce da kai yake ba, Alhaji, a lokacin ko almajiranci ba ka gama ba. Ɗan Najeriya ma ya taɓa ɗauko ingarman, Newton Aduaka a 2007. Cissé ɗin nan na Yeelen shi aka naɗa ya shugabanci alƙalan 2025, Allah ya karɓi ransa a Bamako kwanaki kaɗan kafin a buɗe, yana da shekara 84. Har ƙarshe ana neman idonsa.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai game da namu dattawan. Ɗan wasa in ya tsufa a wurinmu, rawa ɗaya ta rage masa: uban da ke zaune a kan tabarma yana cewa bai yarda da auren ba. In an tuna da shi a wurin biki, a kira shi ya karɓi allon yabo, a ɗauki hoto, ya nemi kuɗin mota ya koma gida. Ba a cika zaunar da shi a ce ga finafinan bana, kalle su duka, gaya mana wanne ne na ƙwarai ba. Ka tuna Kasimu Yero, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2017. Mutumin da ya yi Karambana, ya yi Magana Jari Ce, ya yi Cock Crow at Dawn da Turanci, yana iya sauya maka mutum uku da gira kawai. Da an ba shi irin wannan kujera da yara sun ƙaru da shi fiye da allon yabo goma. Ba sai na gaya maka ɗan wane gari ba ne. Ku kun kawo kasuwar, tun daga Turmin Danya a 1990, wannan ba mai ƙwace muku. Mu muka kawo wasan. Sai a 2025 fim ɗin Najeriya ya fara shiga jerin zaɓaɓɓun Cannes, My Father's Shadow na Akinola Davies, kuma labarin Legas ne. Kirarin nan naku na ko da me ka zo an fi ka, da alama bai kai bakin teku ba.

Duk da haka ba zan bar bawana ya rasa abin yi a Faransa ba. A ƙasan ginin da ake bikin akwai kasuwa, Marché du Film, tun 1959 take ci. Rumfuna ne jere, dillalai daga kowace ƙasa, ana sayar da fim tun ba a ɗauke shi ba, da hoton bango da sunan jarumi kawai, wannan ya sayi haƙƙin nunawa a Jamus, wancan na Brazil. Babu mai hana ka ɗaga waya, babu mai tilasta maka kallon komai har ƙarshe, minti goma ka leƙa ka fito ka taya. Tambayarka ta nawa aka kashe, nawa za su dawo, a can ita ce sallama. Ka bar wa su Binoche hawa bene, ka sauka ƙasa wurin 'yan'uwanka, na rantse kafin kwana uku ka sayar wa Bajamushe fim mai kashi huɗu. La'adata kashi goma ce, kuma ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka maƙale.